Anti, ƙwayar fotasiyam ce ta ɓata hoton huhun Mama?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Mamanmu ce ke da ciwon zuciya kusan shekara 2 kenan, shekarunta 64, likita ya ɗora ta a kan furosemide saboda kumburin ƙafa, da wata ƙatuwar ƙwaya ta fotasiyam (wani sinadarin gishiri da jiki ke buƙata), kuma ni ke ba ta magani kullum. Sati 3 da suka wuce na sha'afa ban ba ta na dare ba har ta kwanta, sai kawai na ɗan ɗago kanta na sa mata a baki da kurɓin ruwa, ta ƙware sosai ta dinga tari har da hawaye, can ya lafa muka kwanta. Tun ranar tari bai sake ta ba, wani sa'in har da ɗan zazzaɓi. Mun je asibiti aka yi hoton ƙirji, likita ya ce akwai inuwa a ƙasan huhun dama sai an yi CT, wato sikanin da ke nuna cikin ƙirji dalla-dalla. Ban gaya masa zancen ƙwarewar ba, wallahi tsoro na ji kar a ce ni na jawo. Shi kuma Yayanmu ya duba a intanet ya ce ai fotasiyam yana fitowa fari a hoto, wai shi ne inuwar, a daina ba ta na sati 2 a sake hoto, ba sai an yi wani CT ba. Yau kwana 5 da na daina ba ta fotasiyam ɗin amma ina ba ta sauran magungunan. Ita Mama ba ta san komai ba. Ko barci ba na iya yi Anti, ya zan yi?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba Mama lafiya Ya sa kaffara ne. Na karanta saƙonki har sau biyu, kuma abin da na fara gani shi ne yarinyar da ta shekara biyu tana ƙirga ƙwaya safe da dare, ta sha'afa sau ɗaya, tun daga nan take cin kanta ita kaɗai. Ƙwarewa da magani abu ne da yake faruwa hatta a gadon asibiti a hannun nas, ballantana ga dattijuwa mai ciwon zuciya da barci ya fara ɗauka, saboda haka ki ɗan sassauta wa zuciyarki. Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai abubuwa biyu a saƙon nan da ba za su jira ba, kuma duka biyun a hannunki suke.

Bari in fara da wanda ya fi ɗaga min hankali, kwana biyar ɗin nan. Likita bai haɗa mata fotasiyam da furosemide don ado ba, shi furosemide aikinsa ya sa ƙoda ta fitar da ruwa ta fitsari, toh yana fitar da ruwan ne yana jan fotasiyam tare da shi, ƙwayar nan da kika ajiye ita ke mayar da abin da ya zube. Kin ga kenan yanzu ƙofa ɗaya a buɗe ana ta fita, ɗayar kuma kin rufe. Fotasiyam ɗin jinin mai lafiya yana tsakanin 3.5 zuwa 5.0 ne a takardar gwaji, ɗan tsukukun wuri ne sosai, kuma bugun zuciya a kansa ya dogara, in ya sauka da yawa zuciya tana iya rikicewa ta dinga bugu ba tsari, in kuma cikin magungunan Mama akwai digoxin, wani maganin zuciya, abin ya fi haɗari, domin ƙarancin fotasiyam yana sa digoxin ya zame wa mutum guba ko da bai wuce adadin da aka rubuta masa ba. Abin da nake so ki yi, yau ko gobe da sassafe, ki kai ta a ɗebi jini a duba fotasiyam da lafiyar ƙoda, ki faɗa musu ƙarara cewa kwana kaza ba ta sha ba. Kar ki ce za ki rama mata na kwanakin da suka wuce ki ba ta biyu-biyu, yawansa ma yana tsayar da zuciya kamar yadda ƙarancinsa ke yi, kar ki yi gudun gara ki faɗa gidan zago. Kuma kar ki ce tunda na tsayar da wannan bari in tsayar da furosemide ɗin ma su tafi daidai, sai ruwa ya taru mata a huhu. Likita ne zai duba lambar da ta fito ya ce ga yadda za a ci gaba. In kika ga jikinta ya saki ba ƙarfi, ko ƙafafunta na ɗaurewa, ko tana cewa zuciyarta na bugawa fat-fat ko tana tsallake, ko jiri ya kwashe ta, ko numfashi na yi mata wuya tana zaune, ko jini a cikin kakin da take tofarwa, wannan ba maganar gobe ba ce, sashen gaggawa kai tsaye ko da tsakar dare ne.

Toh mu zo kan maganar Yaya. Gaskiya bai ƙirƙira ba, abin da ya karanta yana da tushe, sai dai ya ɗauko rabi ya bar rabi. Hoton ƙirji inuwa ce kawai, haske ne ke ratsa jiki, inda iska take kamar huhu ya wuce salin-alin wurin ya fito baƙi, inda abu mai kauri yake kamar ƙashi ya tare shi wurin ya fito fari. Ƙwayar fotasiyam, musamman irin mai narkewa a hankali, tana cikin magungunan da ke tare hasken nan, ita da ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da ta kalsiyam, shi ya sa in mutum ya haɗiya aka ɗauke shi hoto ba da jimawa ba ana iya hango ta. Amma ƙwayar ake gani, ita kanta, da siffarta ta ƙwaya, a hanyar abinci da ke tsakiyar ƙirji ko a cikin ciki, kuma masu karanta hoto sun saba da ita ba ta ruɗa su. Da zarar ta narke ta shiga jini shikenan, ba abin da ya rage da zai fito a hoto. Ƙwaya mai miligiram 600 kwata-kwata ɗan abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba in aka gwada da fotasiyam ɗin da jiki ke ɗauke da shi dama can, wanda kusan kashi 98 cikin 100 yana cikin ƙwayoyin halittar jiki ne, yawanci a tsoka, rarar kuma ƙoda ta zubar. Ba ya zuwa ya taru a huhu ya yi fari, sam. Da haka ne da duk mai shan maganin nan hotonsa ya ɓaci, alhali mutane bila adadin suna sha ana ɗaukarsu hoto lafiya lau. 

Akwai hanya ɗaya tak da ƙwayar nan za ta iya jawo inuwa ta gaske a huhu, kuma abin da ya sa na ce miki na karanta saƙonki sau biyu kenan, domin ita ce kika ba ni labari da bakinki. A maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci a baya ta iska a gaba, da ɗan murfi da ke rufe ta iskar duk lokacin da aka haɗiye abu. In mutum na kwance ko yana gyangyaɗi murfin nan yana iya makara, abu ya zarce hanyar iska, shi ne ƙwarewa. Yawanci tari ke watso shi waje ko a haɗiye shi daga baya ba a ma sani ba. Wani sa'in kuma ya gangara ƙasa, tarin ya lafa, kowa ya ɗauka ya wuce. Kuma in abu ya gangara ya fi faɗawa ɓangaren dama, saboda reshen hanyar iska na dama ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa tsaye, na hagu ya ɗan karkace saboda zuciya. Kin ga dai inda likita ya ce ya ga inuwar.

Abin da ya sa fotasiyam ya bambanta da, a ce, ɗan dutse ko maɓalli shi ne gishiri ne mai cin nama. Ko a hanyar abinci ya maƙale yana iya yi wa mutum gyambo, shi ya sa ake cewa a sha da ruwa da yawa. A hanyar iska kuwa in ya zauna yana narkewa, sai ya ƙona fatar wurin, wurin ya kumbura, majina ta kasa fita ta taru a baya, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama a samu nimoniya, ko wani yanki na huhun ya lotse saboda iska ba ta isa gare shi, duk waɗannan a hoto inuwa suke fitowa. Wani abin kuma, bayan sati uku ita ƙwayar tana iya narkewa tas ba za a gan ta a hoto ba, ɓarnar kawai za a gani, in aka bar wurin ya warke da kansa yana iya yin tabo ya tsuke hanyar, gyaransa daga baya ya fi wuya nesa ba kusa ba. Saboda haka shawarar a jira sati biyu a sake hoto ita ce mafi muni a wannan halin, in har ƙwayar ce, toh dalilin gaggauta CT ne ma, ba dalilin fasawa ba. Kuma wataƙila daga CT likitan huhu ya ce zai leƙa da ɗan siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta hanci ko baki bayan an kashe zafin wurin an ba mutum maganin da zai sa shi gyangyaɗi, da shi ake gani da ido, a wanke wurin, in da saura a ciro.

Kar ki ɗauka na yanke hukunci cewa ƙwayar ce fa, wanda hoton ke hannunsa shi ke da wannan. Yana yiwuwa ƙwayar ta bi hanyarta daidai, ruwan ne ko yawu ya zarce huhu ya haifar da nimoniya, wannan ma ƙasan huhun dama ya fi so, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ke warkar da shi, duk da inuwarsa kan ɗauki sati 6 ko fiye kafin ta goge a hoto. Yana yiwuwa ciwon zuciyar ne da kansa, don masu shi ruwa kan taru musu a gefen huhu kuma sau da yawa ta dama yake fara nunawa. Tari da ya wuce sati 2 da zazzaɓi dole a duba tarin tibi, gwajin kaki ne na GeneXpert, na'urar kan fitar da sakamako cikin kamar awa 2. Yana iya zama tsohon tabo da ya daɗe a wurin ba wanda ya sani. Sai wanda na san shi ke hana ku barci ke da Yaya ba wanda ya furta, cutar kansa, wato ciwon daji. Eh tana cikin abin da likita ke son ya kawar da shakku a kai a shekarun Mama, amma inuwar da ta zo da tari da zazzaɓi bayan ƙwarewa tana da bayanai da yawa da suka fi wannan kusa, kuma ko mene ne a ciki, gani da wuri ya fi.

Yanzu maganar da kika ɓoye. Ƙanwata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan nan yana kallon farin wuri a hoto yana lissafin abu biyar ko shida a kansa, ke kuma kina riƙe da labarin da zai iya taƙaita masa hanya. Ƙwarewa da ƙwaya abu ne da ake yawan kuskurewa a asibiti, dalili kuwa ba a tambaya kuma ba a faɗa, sai a yi ta ba mutum maganin nimoniya yana warkewa yana dawowa. Bai yi laifi ba da bai tambaye ki ba, ke ma tsoro ne ya rufe miki baki, amma gobe ki gyara. Ba sai kin yi dogon bayani ko neman gafara ba, ki ce likita akwai abin da ban faɗa ba, ranar kaza da daddare ta ƙware da ƙwayar fotasiyam tana kishingiɗe, ba mu ga ƙwayar ta fito ba, tun ranar take tari, kuma kwana biyar kenan na tsayar da ita. In kin san bakinki zai yi nauyi ki rubuta a takarda ko a waya ki miƙa masa. Ki roƙe shi ya sa wannan a takardar neman CT ɗin, saboda mai karanta hoton ya san inda zai zuba ido. Ki kwashi duk magungunanta a leda da kwalayensu, har waɗanda kuka saya da kanku, in kuma akwai wani tsohon hoton ƙirjinta ki haɗa da shi, don in inuwar tana nan tun bara ba ta canza ba wannan kaɗai labari ne mai daɗi. Ko da ya ɗan yi miki faɗa ki shanye, na minti biyu ne.

Shi CT ɗin ba wani abin tsoro ba ne, kwanciya ce a kan gado ya shige cikin wani zobe, a ce ta riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu, an gama. Haskensa ya fi na hoton ƙirji yawa, shi hoton ƙirji kamar abin da jiki ke samu ne daga muhalli cikin kwana 10, CT kuma kamar na shekara 2, amma ga mai shekara 64 da inuwar da ba a san kanta ba, amfanin ya rinjayi wannan da nisa. Wani lokaci ana yin allurar wani ruwa mai ayodin a jijiya don hoton ya fito tar, shi ya sa za su so ganin gwajin ƙodarta tukuna, kin ga gwajin jinin da na ce ki yi ya yi aiki biyu kenan. Ki gaya musu in tana shan metformin na suga, ko ta taɓa samun matsala da irin wannan allurar, ko tana da asma. Ki kuma tambaya ko za ta sha magungunanta na safe ranar, kar ki yanke da kanki.

Sai Yaya. Ni dai ban ga mugu a labarin nan ba, na ga ɗa da aka ce masa akwai inuwa a huhun uwarsa, ya shiga intanet yana neman abin da zai ce masa ba komai, ya samu, faɗuwa ta zo daidai da zama. Wataƙila kuma nauyin kuɗin sikanin ɗin a kansa yake yana jin nauyin faɗa. Kuma ki tuna shawarar tasa ya gina ta ne ba tare da sanin daren ƙwarewar ba, don shi ma ba ki gaya masa ba ko? Toh ki same shi shi kaɗai, ba a gaban ƙanne ko a guruf ɗin gida ba, ki ce Yaya maganarka ta fotasiyam akwai gaskiya a ciki, amma akwai abin da ban gaya maka ba, ki ba shi labarin, sannan ki roƙe shi ya raka ku asibiti ya yi wa likita tambayarsa da bakinsa. Kin ba shi girmansa kenan kuma kin sa shi cikin maganar, ba wai kin ƙaryata shi ba. In matsalar kuɗi ce ku faɗa wa likita a fili, ya san abin da ya zama dole yanzu da wanda zai iya ɗan jira, kuma sauran 'yan uwa ai uwar kowa ce. In kuma ya kafe bayan duk wannan, ki yi masa biyayya a komai amma ban da wannan, gwajin jinin dai ki kai ta.

Ita kuma Mama, jikinta ne fa. Mace mai shekara 64 da hankalinta, ana tsayar mata da magani ana shawara a kan huhunta a bayan idonta, bai dace ba ko da da kyakkyawar niyya ne. Kuma ita ce ta ƙware, ita ta san ko ta ji ƙwayar ta wuce ko ta ji ta tsaya, ko tana jin zafi in tana haɗiyar abu, ko ta saba ƙwarewa da ruwa ba ta faɗa muku ba, wannan na ƙarshen yana da muhimmanci don in haɗiya ce ke ba ta wahala akwai gwajinsa daban. Ki zauna kusa da ita ki ce Mama hoton nan ya nuna wani wuri da likita ke son ya ƙara dubawa, wataƙila daga ƙwarewar ranar nan ne. Ina kyautata zaton za ki ji ta ce haba ke kuwa, shi ne kika bi kika rame?

Daga yanzu in likita ya ce a ci gaba da ƙwayar, a zaune sosai za ta sha ko a tsaye, idonta biyu, bayan ta ci abinci, ƙwaya ɗai-ɗai, da cikakken kofin ruwa sai dai in an ƙayyade mata ruwan da za ta sha a rana saboda zuciyar, toh sai ki ware mata na maganin daga ciki, kuma kar ta kwanta sai bayan kamar minti 30. Kar ki daka ta ko ki ce ta tauna don ta yi sauƙin wucewa, an yi ta ne ta dinga saki a hankali, in aka farfasa duka zai fita lokaci guda. In girmanta ne matsalar akwai na ruwa akwai na gari da ake narkawa a kofi, ki tambaya a canza mata. Wasu masu ciwon zuciyar ma likita kan sa musu spironolactone wanda ke riƙe fotasiyam a jiki har a rage ƙwayar ko a cire ta, amma wannan hukuncinsa ne bayan gwaji, domin shi da magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan duk suna ɗaga fotasiyam, haka magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac, da Septrin da mutane ke saya in ana tari, da gishirin nan da ake sayarwa wai na masu hawan jini wanda rabinsa ko fiye fotasiyam ne a wasu nau'o'in. Kar ki ba ta ko ɗaya a ciki ba da sanin likita ba. Ki sa alam a waya na maganin dare ya zama tun kafin ta shiga ɗaki, in kuma wata rana an sake sha'afa har ta yi barci, ko dai ki tashe ta ta zauna ta wartsake sosai, ko ki bari sai safe ki tambayi likita, amma ba a kwance ba.

Kuma ki nemi wanda zai dinga karɓarki ko kwana biyu ne a sati, mutum ɗaya ba ya shekara biyu yana jinya bai gaji ba, ki ce wa Yaya ya tsara wannan tunda shi ne babba. Daren yau ki haɗa magungunan a leda, ki rubuta ranar da ta ƙware da ranar da kika tsayar da ƙwayar, ki kwanta. In sakamakon ya fito ki rubuto min in ji, ki gaishe min da Mama da jiki.